Shekarar da Bidi ya ja garma

Shekarar da anka kore mani shanun huɗa, na ɗaura ma dokin mahaifinmu garma. Yayana Bawa ya raba kwano da ni a kan haka. Abin da ya faru ke nan. Ku ɗiyana kun ji shi a bakin mutane gutsure-gutsure. Wasu sun ce maku na wulaƙanta dabbar gado, wasu sun ce dabara ce na yo daga Faranshi, can ƙetaren iyaka. Duka ba haka ba ne. Ban yi boko ba, kuma doguwar magana ba ta dame ni ba. Za ni faɗa sau ɗaya a rubuta. Wanda ya tambaye ku bayan raina, ku karanta mishi.

Bazara ce, ina kai taki gonar jigawa da amalanke, rana tsaka. Mutanen daji sunka fito a bisa babura. Ba su tambaye ni komi ba. Ɗaya ya buga mani gindin bindiga a kunnen hagu, shi ya sa har yau kuke zagayowa dama in za ku yi mani magana. Sunka kwance shanun biyu sunka kora. Amalanke sunka bar mani, da taki, da karkiyar da ake aza ma shanun a wuya. Na dawo gida da ƙafa, karkiya a kafaɗa. Ban san abin da ya sa na ɗauko ta ba. Uwarku Dije ta tarbe ni a ƙofa. Ta dubi karkiya, ta dubi jinin da ya bushe mani a wuya.

"Aje ta, Malam," ta ce. "Zo ka wanke."

Ba ni kaɗai anka yi ma haka ba. A ƙauyenmu na ƙasar Tsamaye, wanda shanunshi sunka tsira ya kai su kasuwa da kanshi, ko ya ɗaure su cikin gida ya ƙi fitar da su ko bakin rijiya. Tarakta ta daina shigowa. Yayyenku maza suna Kudu wajen neman abinci, hanya ba ta biyuwa. Mutane sunka fara ɗaure kaya, wasu Isa, wasu Sabon Birni, wasu sunka ƙetare iyaka. Na je Sabon Birni a duba mani kunne, sai na bi ta wata makaranta inda anka sauke 'yan gudun hijira. Na ga wani dattijo da na sani, manomi ne mai rumbuna, wanda ake zuwa aron iri wajenshi. Shina tsaye cikin layi da buhu a hannu, shina jiran a auna mishi. Ya gan ni, ya kau da kai. Ni ma na kau da kai. A hanyar dawowa na ce ma raina ba ni shiga layin nan muddin ƙafata na ɗaukata.

To, faɗi ba wuya. Gonar jigawa ita ce cinmu. Baba ya sare ta da hannunshi, kuma tana da ɗan nisa da gari. Rairayi ce. Kana iya shuka ta da sungumi bayan ruwan fari, amma in gero ya kai ƙauri ba ka huɗe shi ba, ciyawa ta ci rabi, iska ta kwantar da sauran. Da garmar hannu, mutum ɗaya mai shekaruna ba ya gama ta. Balle a shekarar ba mai wuni a gona. Ka fita da sassafe, kafin rana ta take ka dawo, kunnenka na daji. Ni kuma kunne ɗaya ya rage mani.

A gidanmu akwai doki. Bidi muke ce mishi, don launinshi. Ɗan goɗiyar Baba ne, ita kuma goɗiyar jinin dawakin kakanmu ce. Da Baba ya rasu munka raba gonaki, munka raba awaki, doki kuwa ba ya rabuwa, sai ya zama namu mu biyu. A baki ke nan. A aikace Bawa ke hawa. Shi ya gado hannun Baba wajen dawaki. Ni tun ina yaro wani doki ya kayar da ni, ban sake marmari ba. Bawa ɗinki yake yi, gonarshi 'yar ƙarama ce a bayan gari, kuma tun da matarshi ta rasu Dije ke dafa mana mu biyu. Ran Juma'a zai ɗaura sirdin Baba ya tafi masallaci, ko wajen suna, ko gaisuwar mutuwa. Turken Bidi na can cikin gida bayan ɗakinshi, shi ya sa idon mutanen daji bai kai gare shi ba. Harawa da dawa da dusar da yake ci kuwa, daga gonata suke fitowa.

Ku gane, a wajenmu doki ba ya ɗaukar kaya. Jaki na ɗauka, raƙumi na ɗauka, sa na ja. Doki mutum yake ɗauka. Na taɓa ganin Baba ya sauka ya ɗauki buhun wake a ka, doki na biye da shi wayam. A cikin wannan munka tashi, ni da Bawa.

Labbo ne ya sa mani maganar a kai. Abokina ne tun ƙuruciya, fatauci yake tsakanin kasuwanninmu da wajen Maraɗi. Ya zo duba ni, ya iske ni zaune gindin rumbu.

"Nomau, kana kukan shanu, ga doki shina cin harawa a banza bayan ɗaki."

"Doki mi zai yi mani?"

"Can Faranshi na ga doki guda shina jan garma. Da idona wanga. Kafin sa ya kai ƙarshen gona, shi ya juyo."

"Ƙaryarku ta fatake."

"Wallahi. Kuma in ka ji babura, sa ba ya gudu da kai. Doki ko, kwance shi kawai za ka yi ka ɗare."

Wannan ta ƙarshe ita ta zauna mani. Na tambaye shi yadda suke ɗaura garmar.

"Ni ina bisa mota, ina na tsaya duba igiya? Ka ɗaura dai. Ja ai ja ne."

Na bar maganar a cikina har ruwan fari ya sauka, munka yi shuka ni da Dije. Da gero ya tsiro, na iske Bawa a zaure bayan la'asar shina ɗinkin wuyan riga.

"Yaya, za ni sa Bidi huɗa."

Bai ɗago ba. "Mi kac ce?"

"Ka ji ni. Ni ne kurman, ba kai ba."

Ya soke allura a jikin rigar, ya dube ni. "Dokin Baba?"

"Gonar ma ta Baba ce."

"In haka ne, kai shi kasuwa ka sayi shanu. Aƙalla wani ya hau shi da mutunci."

"In sayi shanu in sake kai ma mutanen daji? Na yi masu kiwo sau ɗaya, ya isa."

"Nomau, ba ka jin kunya? A ce gidanmu anka fara?"

"Na ga kunya a Sabon Birni, tana riƙe da buhu. Rabin dokin nan nawa ne, Yaya."

"Wane rabin?"

"Wanda ke cin harawa. Naka bayan ne, wajen sirdi. Ba ni taɓa maka naka."

Ya tashi ya shiga cikin gida, na bi shi. Ya sauko da sirdi da linzami daga inda suke rataye, ya kai ɗakinshi, ya ja ƙofa.

"Ɗauki," ya ce. "Amma sirdin Baba ba ya zuwa gona. Ni kuma ba ni cin hatsin da anka wulaƙanta dokin Baba a kanshi."

Ranar ya ce ma Dije ta riƙa zuba mishi nashi daban, kuma daga geron rumbunshi. Tun muna yara kwano ɗaya muke sa hannu. Na ci nawa ni kaɗai.

Abin da na sani shi ne sa. Don haka na yi ma doki yadda ake yi ma sa. Na raba karkiyar nan biyu, na aza mishi guntun a bisa wuya, na zagayo da igiya ta ƙarƙashin maƙoshi, na ɗauro garmar shanu a baya. Na fitar da shi wani fili a bayan gari in gwada. Kafin in gama ɗauri, mazan da sunka rage a ƙauyen duk sun taru. Cindo maƙeri har da barin wuta a maƙera. Na kafa garma, na yi ma Bidi tsawa irin wadda nake yi ma shanu. Ya zabura. Sa na da tozo, shi ke tare icen. Doki ba shi da shi. Icen ya zame baya, igiya ta haye maƙoshi. Garma ta nutse cikin ƙasa, shi kuma doki ne mai zuciya, ya ƙi tsayawa. Shina ja, shina shaƙe kanshi. Na ji wani irin kakari da kunnena mai kyau, sai na ga ya durƙushe a bisa gwiwa, idanu waje. Na zaro wuƙa na yanke igiya. Fatar wuyanshi ta saluɓe ta gefe biyu.

Wani daga baya ya ce, "Nomau, saura ka sa kaza ta ja amalanke."

Wasu sunka yi dariya, wasu ba su yi ba. Na ɗaga kai na hangi Bawa tsaye a bakin danga, nesa da mutane. Ya juya ya shige.

Da safe na je turke, na iske an wanke ciwon, an shafa man shanu da wani garin magani. An ɗaure ragama sako-sako yadda ba za ta taɓa wurin ba. Dije ta kawo mani kunu, ta tsaya.

"Yaya ya ce in gaya maka magana."

"Bakinshi ciwo yake?"

"Ya ce da ni yake magana, ba da kai ba. Ya ce doki ba shi da tozo. Sa da wuya yake ja, doki da ƙirji. Ya ce in kana son kashe shi, wuƙa ta fi sauri."

"Sai mi?"

"Ya ce garmar ta yi mishi nauyi. Ya ce kuma ba a yi ma Bidi tsawa, ba a saba mishi ba."

"Ce mishi na gode."

"Ya ce in ka ce haka, in ce maka dokin yake tausayi."

Na ɗauki garma na kai ma Cindo. Ya juya ta, ya dube ni.

"Ka zo in ƙera ma kazar tata?"

"Rage mata fukafukai. Ka ƙuntata baki. Doki guda zai ja."

"Kai dai ba ka daddara."

"Ka yi aikinka."

Ya yi, kuma ya yi da kyau. Ya rage ta har mutum na iya ɗaukarta da hannu ɗaya. Shi ya ce in sa guntun ice a gicciye tsakanin garma da doki, igiya biyu su kama bakinshi ta kowane gefe, don kar su riƙa gugar ƙafafun baya. Ya ƙera mani ƙugiya a tsakiya. Saura abin ƙirji. Dije ta linka buhu ta yi shi da faɗin tafin hannu, ta farke matashin kanta ta cusa audugar rimin a ciki, ta lulluɓe da tsohon zanenta. Na gwada shi a jikin turmi, na ja da ƙarfi, ɗinkin ya ɓalle. Na jefar da shi gindin rumbu na fita. Washegari na iske shi rataye a turke. An sake ɗinke shi da ƙananan ɗinki a jere, an bi bayanshi da fata, an ƙara wani siririn maɗauri da zai haye bisa kafaɗa don kar ya zamo ƙasa. A bakin kowace igiya an yi zarge, irin wanda fizga ɗaya ke kwancewa. Na san hannun. Duk rigar da na sa a duniya shi ya ɗinka ta.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ban ga kowa ba," in ji Dije.

Sai jiran ciwo ya warke. Wannan jira shi ya fi komi ci mani rai. Ruwa na sauka, ciyawa na tashi, doki na turke. Kullum da safe in tafi jigawa da garmar hannu in yi abin da na iya, in dawo in dubi wuyan Bidi. Abin da na huɗe da hannu, in ka tsaya tsakiyar gona ba ka ma ganinshi. A cikin kwanakin nan maƙwabcinmu na gabas ya loda iyalinshi a mota. Ya ce akwai wuri in muna so. Dije ta raka matarshi bakin hanya, ta dawo ido jawur.

"Malam, in ɗaure kaya?"

"Kar ki ɗaure."

"In dokin ya ƙi fa?"

"Sai ki sa mani abin ƙirjin in ja da kaina."

Ta yi dariya, tana share ido. Ba ta sake tambaya ba.

Da ciwon ya kame, ban koma ga garma kai tsaye ba. Na sa mishi abin ƙirji wayam, ya wuni da shi. Sannan na ɗaura mishi guntun gungume, muna zagaya bayan gari har ya daina firgita da abin da ke binshi a baya. Sannan garma. Wannan karon bai shaƙe ba. Ya ja kamar ba komi. Amma wata matsala ta fito. Sa in ka ɗora shi a layi, shina bi. Doki sai da mai jan ragama a gaba, ni kuma hannuna biyu na kan garma. Dije ta kama. Bidi bai san ta ba sai wajen ba da dusa. Ya yi ta sauri, ya ja ta nan, ya ja ta can, ya tattake shuka. Huɗar ta fito a karkace kamar sawun maciji. Ya fizge ta ta faɗi zaune.

"Ni ba ni iyawa da wanga mahaukaci," ta ce.

"Gobe jigawa za mu. Ko a karkace, a huɗe."

Da asuba bayan salla na fito da doki, garma a kafaɗa, Dije na biye da gorar ruwa. A ƙofar gida munka iske Bawa. Ya naɗe wando har gwiwa, ya sa tsohuwar taguwa. Ban taɓa ganinshi haka ba tun muna samari. Ya miƙa hannu ya karɓi ragama da gorar.

"Dije, koma gida. Gaya ma mijinki ya riƙe garma sako-sako, kar ya danna. Ba sa ba ne."

Ina tsaye kusa da shi har kafaɗarmu na gugar juna. Dije ta dube ni.

"Ka ji, Malam."

"Na ji."

Da Bawa a gaba, Bidi ya zama wani doki daban. Ba tsawa, ba bulala. Wata 'yar magana yake yi mishi ƙasa-ƙasa, doki na bin kafaɗarshi. Na kafa garma tsakanin layin gero, ƙasa ta fara tsagewa biyu tana rufe gindin shuka. Sai da na riƙa haɗawa da sassarfa kafin in bi su. A nan na koyi aikin doki, kuma duk ta bakin da ba ni ake ma magana ba. Bawa zai tsaya ya ce ma Bidi, "Huta, ba jaki kake ba," sai in san lokacin hutu ya yi. Zai sa hannu ƙarƙashin abin ƙirji ya shafa, ya share gumi da rairayi, don ƙwayar rairayi ɗaya in ta maƙale a nan sai ta zama gyambo. Ba ya bari ya sha ruwa da zafin jiki, sai ya huce. Sa na iya wuni shina tafiya a hankali. Doki na yi maka aikin wuni kafin rana ta take, amma daga nan ka kwance shi, kuma ka ba shi dawa da kanwa fiye da da. Wannan ya yi daidai da shekarar. Kafin rana ta yi zafi muna hanyar gida.

Haka munka yi ta yi, safiya bayan safiya. Mu tafi tare, mu dawo tare, kowa ya ci a kwanonshi.

Saura kusurwar arewa ranar da mutanen daji sunka zo. Ni ban ji komi ba, kunnena mai kyau na wajen gari. Sai na ga kunnuwan Bidi sun miƙe, Bawa ya tsaya cak. Ya fizge zargen hagu, ya zagaya ya fizge na dama, igiyoyi sunka zube. Dattijo mai furfura, ba sirdi ba likkafa, ya dafa ya ɗare kamar saurayi. Sannan na ji ƙugin baburan. Ya miƙo mani hannu.

"Hau, Nomau!"

Na ja jiki na haye bayanshi. Doki ya zabura, na nemi abin kamawa, na cafki gashin gindin wutsiya.

"Ni za ka riƙe, sakarai, ba doki ba!"

Na rungume shi. Maganar da ya fara yi mani ke nan tun ranar zaure. Munka ratsa ta cikin gonaki inda rairayi ke kama ƙafar babur. Bidi bai sassauta ba sai ƙofar gida. Ranar an tafi da mutane daga gonakin gabas. Wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba. Ba ni faɗin sunayensu, kun san gidajensu.

Munka zauna gida har ƙafa ta ɗauke. Da munka koma, garma na nan kwance inda na sake ta, bakinta cikin ƙasa. Munka ɗaura munka gama kusurwar.

Kaka ta zo. Ba a yi irin cikar da ake yi da ba, don huɗar ta makara kuma ciyawa ta riga ta ci nata. Amma rumbu ya ɗauki abin da zai kai mu wata damina. Cindo ya cire sandar amalanke ta shanu ya sa guda biyu, Bidi ya shiga tsakani, shi ya kwaso dammunan. Masu dariya sunka tsaya bakin hanya suna kallo. Ba wanda ya ambaci kaza.

Ranar da anka fara surfa sabon gero, Dije ta dama fura a ƙwarya ɗaya, ta kawo zaure, ta aje tsakanina da Bawa, da ludayi ɗaya. Ya dubi ƙwaryar.

"Wanga geron wace gona ne?"

"Wadda ka huɗe, Yaya," in ji Dije.

Ta fita abinta. Ya daɗe shina kallon furar. Sannan ya yi bisimilla ya sha, ya miƙo mani ludayi.

"Sha. Ni ma gumina na ciki."

Kada ku ɗauka shi ke nan komi ya koma yadda yake. Bai koma ba. Gashin ƙirjin Bidi ya ƙoƙe inda abin ja ke zama, wuyanshi kuma ya warke da farin tabo gefe biyu. Bawa bai sake ɗaura mishi sirdi ba. Ran Juma'a da ƙafa yake zuwa masallaci, da sandarshi. Na taɓa ce mishi ya hau, ai damina ta wuce.

"In na hau shi, ba ni mutane za su gani ba. Garma za su gani."

"To mi ya rage ka da shi?"

"Kai ka tsira da gona, Nomau. Ni na rasa doki. Bar shi haka."

Gaskiya ya faɗa. Kowace damina shi ke jan ragama har ƙarfinshi ya ƙare, kuma kwano ɗaya muke ci har ya rasu. Amma bai taɓa ce mani na yi daidai ba, kuma ba ni ƙaƙaba mishi maganar da bai yi ba don ya kwanta dama. Shi yana ganin akwai abin da ba a taɓawa ko yunwa za ta kashe mutum. Ni ina ganin gida da ba kowa cikinshi ba ya riƙe mutuncin kowa. A kan haka munka zauna, a kan haka munka rabu. In za ku yi mishi addu'a, ku tuna da ɗinkin nan da ya yi ba wanda ya roƙe shi.

Daga baya wasu sun zo sun auna abin ƙirjin da igiya sun tafi sun yi nasu. Cindo ya rage garemani da dama. Duk wanda ya tambaye ni, abin da nake ce mishi bai wuce wannan ba: kar ka aza mishi komi a wuya, ka sauƙaƙa garma, ka fara da gungume, ka sami wanda dokin ya yarda da shi ya kama ragama, kuma ka ɗaure da zarge.

Yanzu Bidi ya tsufa, ba ya aiki. Shina turkenshi na da, bayan ɗakin Bawa, shina cin harawa. Na sami wata goɗiya ita ke huɗa, ta saba da murya ta har ba ta bukatar mai ja. Sirdin Baba na rataye a ɗakin, ina shafa mishi mai, ban aza ma kowa shi ba. Mutanen daji ba su ƙare ba. Uwarku ba ta ɗaure kaya ba har yau. Ni kuma ina nan gidan da anka haife ni, da kunne ɗaya. Geron bana ya kai ƙauri. Gobe da asuba za ni jigawa.